Na Bar Mata Ɗanta

"Ni fa Inna babu inda zan je! Ki ce mata kawai ba ni da lafiya."

"Ƙarya zan yi mata da girmana? Ga baiwar Allah can a tsakar gida tun ɗazu, ta ce ko la'asar za ki kai tana jiran ki. Haba Juwairiyya... sai yaushe za ki fito ki ga rana kamar kowa?"

Na juya fuskata ga bango, hawaye na bin kumatuna.

Ina ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare farfaɗiya ta fara kayar da ni. Na daure ina zuwa makaranta ina faɗuwa, har ranar da ta kayar da ni a tsakiyar kasuwar Hunkuyi. Da na farfaɗo sai na ga mutane sun zagaye ni daga nesa, babu wanda ya matso ko zanina ya gyara mini. Wata mata ma toka take watsawa a inda yawuna ya zuba, tana jan ɗanta baya.

Tun daga ranar na rufe kaina a ɗaki. Ƙawayena suka yi aure, suka haihu, duk sai dai labari a bakin Inna. Babanmu ya rasu tun ina ƙarama, daga ni sai Inna sai Yaya Salman, su ma sun yi lallashin har sun gaji.

Amma Gwaggo Indo ba ta san gajiya ba. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ta mayar da filin marigayi mijinta da ke bayan gari lambu. Gida-gida take bi tana zaƙulo waɗanda duniya ta manta da su a ƙuryar ɗaki.

Ta ɗaga labule ta leƙo da kanta.

"'Yata, ba dogon zance na zo yi ba. Mu je ki gani yau kaɗai. In bai yi miki ba, ni da kaina zan dawo da ke, kuma ba zan sake damun ki ba."

Kunyar furfurarta ce ta sa na ɗauki hijabi.

Lambun bai yi kama da wanda na sani ba. Ga fangalin alayyafo da latas da karas shar da su, ga wasu kuma an gina su da bulo sun taso daidai ƙugu, saboda masu keken guragu su yi shuka ba sai sun sunkuya ba. Can gefe rumfar kara ce, da tabarmi da benci, mutane na zaune. Wata na saƙa faifai, wani na murza yumɓu, wasu sun duƙufa a kan takarda.

Na raɓe a bakin rumfar kamar ɓarauniya.

"Sannu da zuwa. Ke ce Juwairiyya ko?"

Na ɗago. Dogo ne, baƙi, duk hannun rigarsa fenti. Ya miƙo mini ruwa a moɗa.

"Sunana Zulkifilu. A Makarfi nake koyarwa a firamare, ranar Laraba da Asabar nake zuwa nan mu yi zane. Sha mana, kin sha rana."

Na kurɓa kaɗan, na tsaya ina neman inda zan ajiye moɗar a gefe, yadda na saba ko a gidajen dangi. Sai kawai ya karɓa, ya kafa kai ya shanye ragowar.

Na bi moɗar da kallo.

"Malam... ba a gaya maka ciwon da nake da shi ba?"

"An gaya mini."

"Kuma ka sha?"

"Ƙishi nake ji," ya ce yana murmushi. "Ba a ɗaukar ciwon nan a yawu, Juwairiyya. Ko a moɗa, ko a kwano. Zo ki zauna, ga fensir."

Ranar ban zana komai ba. Amma da Laraba ta zagayo, tun kafin Gwaggo Indo ta iso na shirya.

A lambun na san Baba Ya'u, tsohon tela da ɓarin jikinsa ya shanye, wanda ya ce kafin zuwansa nan da ƙadangarun gidansa kawai yake hira. Shi aka haɗa ni da shi a fangali ɗaya. Ni ban ruwa, shi cire ciyawa da hannunsa mai lafiya, yana yi yana yi mini tsiya.

"Ke 'yar nan, alayyafon kike shayarwa ko wanka kike masa?"

"Kai Baba, kai ma ai jiya karas ka tuge ka ce ciyawa ce!"

Ban san ina da sauran dariya a cikina ba sai a wurin nan.

Gwaggo Indo ta raka ni asibiti aka sauya mini magani, ta kafa mini dokar sha a kan lokaci. Faɗuwar ta ragu sosai. Hannuna kuma ya faɗa da zane. Da farko ganye nake zanawa, sai kaji, sai na koma fuskokin mutane. Ranar da na zana Baba Ya'u da hularsa a karkace, Malam Zulkifilu ya daɗe yana kallon takardar.

"Kin san kin kusa ƙwace mini aiki?"

"Zolaya dai, Malam."

"Wallahi da gaske. Ni koya na yi, ke kuwa da shi aka haife ki."

Kullum in zai zo sai ya taho da mazarƙwailar Makarfi ya raba wa kowa. Ni ce dai kawai na lura tawa ta fi ta kowa girma. Ashe Baba Ya'u ma ya lura.

Wata Asabar ina tsaka da ban ruwa na ji alamar da na sani, wani ɗaci a bakina, duniya ta fara juyawa. Na so in ce wani abu, ban samu dama ba.

Da na buɗe ido a kwance nake ta gefe, an tallafe kaina da rigar sama a naɗe, an lulluɓe ni da zanin Gwaggo. Babu wanda ya gudu. Baba Ya'u na gefe yana salati a hankali, Malam Zulkifilu na tsugune kusa, idanunsa jawur.

"Sannu... sannu Juwairiyya. Kada ki yunƙura tukuna."

Daga baya Gwaggo ta ce mini shi ya riga kowa isowa. Ya janye bokiti da fartanya daga kusa da ni, ya hana a tura mini cokali a baki, ya nuna musu yadda za a juya ni. Kamar wanda ya shekara yana yi.

"Malam, a ina ka iya?" na tambaye shi.

Ya kau da kai. "Wata rana zan gaya miki."

Ba a jima ba ya fara zuwa ƙofar gidanmu. Ranar farko a zaure na tsaya ina wasa da bakin hijabi.

"Juwairiyya, ba zan yi kwana-kwana ba. Son ki nake, kuma da aure."

"Malam, don Allah kada ka yi mini haka... Tausayi daban, so daban."

"Tausayin wa? Mai tsiwar da ta hana Baba Ya'u sakat? Ni ne abin tausayi, da nake kwana ina ƙosawa Laraba ta zo!"

Na yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka.

"Share hawayenki, sanyin idona. In Allah ya yarda kin gama kuka."

Inna har sujada ta yi. Yaya Salman ya yi bincike a Makarfi, ya dawo ya ce yaro ne na mutunci, maraya kamar mu, shi ne ɗan fari a ɗakinsu. Ya ce masa ya turo magabatansa.

Damina ta faɗi, magabata ba su zo ba.

Yana zuwa lambu yadda ya saba, amma ya rame, murmushinsa bai kai ido. In na tambaye shi sai ya ce, "Hajiyarmu ce nake lallaɓawa. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

Wata Litinin, ranar da ba ya zuwa, ina ɗaure tumatir a jikin kara, Gwaggo Indo ta kira ni. Ta ce ina da baƙuwa a rumfa.

Dattijuwa ce siririya, cikin farin mayafi. Ko ba a faɗa ba na gane mahaifiyar Malam Zulkifilu ce, goshinsu ɗaya. Na durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Hajiya. Sannu da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya mutanen gida? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Na shirya wa zagi. Na shirya jin an kira ni da sunan da aka saba. Sai na ji hannunta a kaina.

"Ashe haka kike... Tubarkalla. Matso kusa da ni."

Na matsa.

"Yaron nan bai san na zo ba. Ya taɓa ba ki labarin Suwaiba?"

"A'a, Hajiya."

"Na san ba zai iya ba." Ta gyara zama. "Ƙanwarsa ce. Irin ciwon nan naki gare ta. Mun yi na asibiti, mun yi na gida. Yarinya mai son girki, ga tsafta. Rannan ta shiga kicin ɗora ruwan zafi, abin ya tashi tana gaban murhu..."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ci gaba.

"Shi ya ciro ta. Shi ya rungume ta a mota har Zariya. Mun yi jinya, ina kallon 'yata tana narkewa a gabana, har Allah ya karɓi abinsa. Yaron nan ya daɗe ko magana ba ya yi, sai da na ɗauka shi ma na rasa shi. Ni kuwa tun daga lokacin ban sake taka ƙofar gida ba, ko biki ko suna. Ya yi ya yi in zo lambun nan, na ƙi. Yau ce fitata ta farko."

"Allah ya jiƙan ta... Allah ya jiƙan ta, Hajiya."

"Amin. 'Yar nan, wallahi ba ƙyamar ki nake ba. Wa zai yi ƙyamar abin da ya goya a bayansa? Tsoro nake ji. In kika shigo gidana, kullum kika nufi murhu raina zai fita. In abin nan ya sake faruwa a gabansa, ba zai tashi ba. Ni ma ba zan tashi ba. Na hana shi, ya yi shiru, amma yana ƙarewa a tsaye. Ke kaɗai zai ji maganarki." Ta kama hannuwana biyu. "Roƙon ki na zo yi, ba umarni ba. Ki bar mini shi."

Da ma zagina ta yi! Da na samu abin riƙewa. Amma yaya zan yi da uwa tana kuka a hannuna?

"Ki daina kuka, Hajiya. In sha Allahu... in sha Allahu ba za ki yi baƙin ciki ta dalilina ba."

Ranar Laraba na jira sai da aka tashi daga zane. Yana wanke burushi a bakin rijiya na same shi.

"Hajiya ta zo."

Burushin ya suɓuce daga hannunsa. "Hajiya? Nan? Ta fito?"

"Ta ba ni labarin Suwaiba."

Ya zauna daɓas a kan dutse, ya dafe kai.

"Ka gaya mini gaskiya, Zulkifilu." Ranar na fara kiran sunansa kai tsaye. "Ni kake so, ko ƙanwarka kake nema a jikina?"

"Kada ki ce haka! Don Allah kada ki ce haka!" Ya ɗago, hawaye na zuba. "Saboda ita na fara zuwa lambun nan, wannan gaskiya ne. Ranar da na fara ganin ki ma ita na tuna. Amma Suwaiba ba ta da tsiwa, ba ta iya zane ba, ba ta taɓa hana ni barci ba. Ke nake so, Juwairiyya. Ke!"

"Na yarda."

"To ki ba ni lokaci. Zan je Ikara wurin kawunnaina, in suka sa baki dole ta amince. Zan kama haya nesa da gida, zan sa a riƙa yi mana girki, ba za ki taɓa zuwa kusa da wuta ba..."

"Ka ji abin da kake faɗa? Ka bar Hajiya ita kaɗai a gidan nan? Ni kuma ka tsare ni kamar ƙwai, in na jima a banɗaki ka ɓalle ƙofa? A ɗaki na yi shekaru, Zulkifilu. Kai ka taya aka fito da ni. Kada son da kake mini ya mayar da ni."

"Juwairiyya..."

"Kuma in kawunnanka suka tilasta mata, bakinta ne zai ce to, zuciyarta fa? Wane aure ne zai yi albarka a kan hawayen uwa?"

"To ni fa? Ni wa zai duba nawa hawayen?"

Na so in miƙa hannu in share masa, ba hali.

"Ka je ka bi maganarta. In kana so na, wannan kaɗai nake roƙo."

Ya miƙe, ya tattara burusan ya jera su a kan benci, ɗaya bayan ɗaya.

"Ki riƙe ajin. Kin fi ni iyawa. Kuma ki riƙa shan maganinki a kan lokaci... don Allah."

Na ji tashin babur ɗinsa har ƙarar ta ɓace.

Na koma ɗaki. Inna ta yi kuka, Yaya Salman ya yi faɗa ya ce zai je Makarfi, na hana shi. Gwaggo Indo ta zo ta zauna kusa da ni, ta jima, ta tafi. Sai ga sallama a zaure wata safiya, an turo Baba Ya'u a kekensa tun daga unguwarsu.

"Ki gaya wa 'yar nan," ya ce wa Inna, yana ɗaga murya yadda zan ji, "ciyawa ta cinye fangalinmu. In ta daina zuwa, ni ma na koma wurin ƙadangaruna. Ita ta sani!"

Washegari na koma. Na tsaya gaban mutanen rumfa da fensir a hannu, na fara koya musu abin da ya koya mini.

Bayan kaka labari ya iso. An sa ranarsa da Jannat, 'yar kawunsa ta Ikara. Na yi masa addu'a da bakina, zuciyata kuwa Allah kaɗai ya san halin da take ciki.

Ranar Asabar aka sa, bayan sallar azahar.

Inna ta ce in zauna a gida, na ce a'a. Na je lambu na raba takardu, na gyara wa wannan, na yaba wa wancan. Kowa ya sani, babu wanda ya tanka. Ko Baba Ya'u ranar bai yi tsiya ba.

Rana ta kusa tsaka na hango farin mayafi a bakin shinge.

Na ɗauka idona ne. Sai da ta ƙaraso, tana haki, ƙafafunta duk ƙura.

"Hajiya! Yau? Ke da gidanki ke cike da jama'a?"

"Ɗan fari ne ai. Kowa ya san uwa ba ta zama a gida ranar irin wannan. Suna can sun ɗauka maƙwabta na shiga ɓuya." Ta zauna a kan tabarma, ta jawo ni. "Na kwana ina tunanin ki. Na ce shi yau yana da dangi, yana da abokai. Ita fa 'yar nan, wa zai riƙe ta?"

Na cije leɓe. "Lafiyata ƙalau, Hajiya."

"Ƙarya kike. Ni ma haka nake cewa."

Gwaggo Indo ta yi wa sauran alama, suka janye can wajen fangali.

"Ban san ko daidai na yi ba," Hajiya ta ce, idonta a ƙasa. "Yana yi mini biyayya, yana gaishe ni safe da yamma, amma dariyarsa ta tafi. Na roƙi Allah in kuskure na yi ya yafe mini. Ke ma ki yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba. Ni na zaɓa."

"Allah ya ba ki wanda ya fi shi."

"Babu wanda ya fi shi, Hajiya."

Ta rufe ido, hawaye suka gangaro. "Na sani."

Can cikin gari aka kira azahar. Muka yi alwala a bakin rijiya, muka yi salla kafaɗa da kafaɗa. Da muka sallame babu wadda ta motsa. Mu duka mun san abin da ake yi a Ikara a daidai lokacin: an zauna, waliyyai sun matso, ana shirin shafa fatiha.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro, ta saurara, ta ce, "To... Allah ya sa albarka," ta kashe.

Ta dube ni. Ba sai ta faɗa ba.

Duk dauriyar da na tara ta ƙare. Na kifa kaina a cinyarta na saki kuka, irin wanda ban taɓa yi ba ko ranar kasuwa. Ta rungume ni tsam, tana jijjiga ni kamar jaririya, hawayenta na ɗiga a bayan wuyana.

"Yi kukanki, 'yata... yi abinki. Ina nan."

Sai la'asar ta miƙe za ta tafi. A bakin shinge ta tsaya, ta juyo wajen Gwaggo Indo, tana murza bakin mayafi kamar yarinya.

"Hajiya Indo, ko akwai wurin wata tsohuwa a nan? Ban iya zane ba... amma da can ina shuka rama."

"Akwai," in ji Gwaggo. "Laraba da Asabar. Ga malamarku nan."

Hajiya ta dube ni, idanunta a kumbure kamar nawa.

"Za ki iya ganin fuskata kullum, 'yar nan? Na san wa take tuna miki."

Na share hawayena da bakin hijabi.

"Ki zo, Hajiya. Shi ya sa ma nake so ki zo."